Wasiƙa daga Kolon ta Jamus: kwamfutar da na haɗa da wadda zan haɗa maka

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ya ƙarfin jikin Baba, ya kuma hazo? Ka gaishe min da Hajiya da kyau, ka ce mata man zafin da ta ce in nemo na samo, yana cikin kayan da zan bayar a taho da su kafin ƙaramar Sallah.

Saƙonninka na murya guda bakwai duk na saurara, har da wanda ka yi da ƙarfe biyun dare kana rantsuwa cewa in ka samu kwamfuta, cikin wata shida za ka fara biya wa kanka kuɗin makaranta da buga gem a laif. Allah ya sa. Na kuma ga jerin kayan da ka kwafo daga wajen wancan Ba'amurken na YouTube, mai kesin gilashi da fitilu kala-kala kamar motar kai amarya. Na zauna na lissafa kuɗinsu da farashin nan, suka haura Yuro 2,000. Ka ninka da kanka a kan canjin yau, wanda ya wuce Naira 1,500 a Yuro ɗaya, sai ka faɗa min ko gem za mu buga ko fili za mu saya a bayan gari. Shi ya sa na ce bari in rubuto maka a tsanake, tunda ni ma ban daɗe da haɗa tawa ba, zafin kuɗin bai gama fita daga jikina ba.

Abu na farko da ya ba ni wuya a kasuwar nan shi ne rashin ciniki. Ka san halina a Beirut Road, kasuwar kwamfuta ta Kano, sai in shafe awa guda a kan benci ana albarka ana tayi, a sayo min ruwan sanyi, in tashi kamar zan tafi a jawo ni, a ƙarshe a sallama har da gyaran wayar caja. Nan babu wannan. Farashin da ka gani a rubuce shi ne, kuma harajin gwamnati na kashi 19 cikin ɗari yana ciki, ba a ƙara ko kwabo a wajen biya. Wanda ke tsaye a shago ma'aikaci ne, ba shi da ikon rage maka komai, in ka matsa sai ya dube ka kamar ka roƙe shi rigar jikinsa. Cinikin nasu a intanet yake. Akwai shafuka irin su Geizhals da Idealo da suke jera maka abu ɗaya a shaguna da dama, daga mai araha zuwa mai tsada, har da zanen yadda farashin ya hau ya sauka a watannin baya. Wannan zanen shi ya hana a yi min sakiyar da ba ruwa a ƙarshen Nuwamba, lokacin rangwamen da suke cika gari da talla. Wasu kayan an rage su da gaske, wasu kuwa na gani ƙuru-ƙuru an ɗaga su a farkon wata, aka dawo da su inda suke, aka manna musu jan tambari. Ashe wayon kasuwa ba shi da ƙabila.

Na ware Yuro 700, na yi wa kaina alƙawarin ba zan wuce ba, na wuce da 30.

Tsarin da na bi mai sauƙi ne. Kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin ya tafi a katin hoto, domin shi ne dokin da ke jan kaya a harkar gem, sauran kayan kuma aikinsu kar su riƙe masa ƙafa. A wajen firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na koma ga tsohuwar zuma. Kamfanin AMD suna da tsohon soket, wato mazaunin firosesa, mai suna AM4 wanda firosesocinsu na Ryzen suka hau tun 2017, da sabo mai suna AM5 da ya fito a Satumban 2022. Sabon ba ya karɓar RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) sai sabon samfurin DDR5, madabod ɗinsa, wato faifan da ake dasa duk kayan a kai, ma ya fi tsada. Amfaninsa shi ne nan da wasu shekaru za ka iya cire firosesa ka sa wanda ya fi shi ba tare da ka canza komai ba. Na daɗe ina juya maganar, daga baya na tambayi kaina, yaushe rabon da in sabunta wani abu kafin ya mutu? Wayar hannuna shekararta biyar. Sai na ɗauki Ryzen 5 5600, mai ƙwayoyi 6, a kan Yuro 100 da 'yan kai, fankarsa tana cikin kwali. Na haɗa shi da madabod B550 mara ado, RAM 16 GB a sanda biyu, da SSD irin ta NVMe mai 1 TB. Kar ka yarda da ƙasa da haka a ma'ajiya, domin Call of Duty kaɗai tana iya lashe sama da 100 GB, ga bidiyoyin da za ka riƙa ajiyewa. Na kuma duba Core i5-12400F na Intel, sa'an juna ne, duk wanda ka samu da araha a ranar shi ne naka.

RAM ɗin ka lura, sanda biyu na 8 sun fi sanda ɗaya na 16 gudu, saboda hanya biyu suke bi a lokaci guda. A madabod mai rami huɗu, rami na biyu da na huɗu ake sa su in ka ƙirga daga wajen firosesa. Sannan sai ka shiga BIOS, shafin saitin madabod, ka kunna abin da ake kira XMP, in ba haka ba RAM ɗin zai yi ta tafiyar hawainiya alhali ka biya kuɗin gudu.

Yanzu katin hoto, inda na fi ɓata lokaci. A kuɗin da nake da shi akwai RX 6600 da RX 7600 na AMD, akwai RTX 3060 mai 12 GB, akwai RTX 4060 mai 8 GB, sai kuma Arc B580 na Intel da ya fito a Disamban 2024 da 12 GB, wanda aka yi ta yabo amma a lokacin samunsa a farashin da aka sanar sai an dace. In gem kawai za ka buga, RX 6600 ya ishe ka, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. To amma kai laif kake son yi. Laif yana nufin kwamfuta tana buga gem, a lokaci guda tana matse hoton tana tura shi intanet. In ka ɗora wa firosesa mai ƙwayoyi 6 wannan aikin, gem ɗin zai riƙa sarƙewa. Katunan Nvidia suna da wani ɗan sashe na musamman da ake kira NVENC wanda aikinsa kenan, matse bidiyo, kuma a ƙaramin intanet hotonsa ya fi fita tsaf. A manhajar yin laif ta OBS, wadda kyauta ce kar wani ya sayar maka, zaɓarsa kawai za ka yi. Jerin RTX 40, irin su 4060, kuma ya zo da sabon salon matsewa mai suna AV1, wanda YouTube ke karɓa, yana ba da hoto mai kyau da data kaɗan. Ka riƙe wannan maganar ta data, zan dawo kanta.

Kafin in sayi sabo sai da na gwada gwanjo. Akwai shafin da ake kira Kleinanzeigen, inda mutane ke sayar da kayan gidansu, daga keke zuwa cokali. Nan ne kaɗai jinin cinikina ya samu wurin motsawa, domin in mutum ya rubuta VB a gefen farashi, yana nufin a yi tayi. Amma da ladabi. Jamusawa suna da wata ba'a da suke yi wa masu turo saƙon "nawa ne farashin ƙarshe" ba gaisuwa ba komai, har ta zama abin dariya a ƙasar. Na gaida mutumin, na gabatar da kaina, muka sa rana. RTX 3060 ne a kan Yuro 190, a wani gari da ke minti 40 a jirgin ƙasa. A ƙasan tallar ya rubuta abin da kusan kowa ke rubutawa, cewa cinikin tsakanin mutum da mutum ne, ba garanti ba mayarwa.

Na isa da yamma ana yayyafi. Ya ba ni kofi, ya kunna kwamfutar, komai lafiya lau. Na roƙe shi ya bar ni in kunna FurMark, manhajar da ke takura wa kati har ya nuna halinsa. Minti biyar na farko shiru. A minti na takwas fanka ɗaya ta fara ƙara kamar injin markaɗen gidan maƙwabtanmu, zafi ya haura 85, sai ga wasu ɗigo-ɗigo kore suna walƙiya a kusurwar allo. Ina ɗaga kai na hango wani firam na ƙarfe a saman kabad, irin wanda ake jera katuna shida a kai. Ka tuna shekarar 2021 da katin hoto ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, saboda masu haƙar kuɗin kirifto sun kwashe? Da Ethereum ta daina tsarin haƙa a Satumban 2022, duk waɗannan katunan da suka yi aiki dare da rana suka zubo kasuwar gwanjo, kuma da yawansu su ne suke isowa wajenmu a kwantena da sunan Landan yus. Ba duka ne suka lalace ba, wani canjin man shafawa da fanka kawai yake so. Amma ni ba zan sa kuɗina a abin da ya fara fitar da kore ba. Na gode masa da kofi, na kamo jirgina. Washegari na sayi RTX 4060 sabo dal a kan Yuro 295.

Ranar haɗawa kuwa, ka yi min alƙawari ba za ka faɗa wa su Yaya ba. Na shimfiɗa kwali a kan tebur, na bi littafin madabod shafi-shafi, awa uku cur. Na danna maɓalli, fankoki suka juya, allo baƙi ƙirin. Na kashe, na cire RAM na mayar, baƙi. Na cire katin na hura na mayar, baƙi. Zufa ta keto min a cikin sanyin Disamba, na fara lissafin wata nawa na yi ina tara kuɗin nan. Sai abokin zamana, wani ɗan Kumasi da muke Hausa da shi, ya fito daga kicin da cokali a hannu, ya leƙa bayan kwamfutar ya ce, "Maigida, ai wayar allon a madabod ka sa ta." Firosesan nan ba shi da sashen hoto a cikinsa, don haka ramin HDMI na madabod ado ne kawai, dole waya ta shiga katin hoto da ke ƙasa. Ya zare ya mayar, allo ya kawo. Har yau in muka yi saɓani a kan wanke-wanke sai ya ce in tuna wa ya haɗa min kwamfuta.

Bayan kwana huɗu ta fara mutuwa da kanta a tsakiyar gem. Wannan karon ba laifina ba ne. Na bar MemTest86 ta kwana tana bincike, da safe na tarar da jan rubutu, sanda ɗaya ta RAM ta zo da cuta. A nan ne na ga abin da ya fi burge ni a ƙasar nan, fiye da jiragen ƙasansu da ba sa zuwa a kan lokaci yadda ake ba mu labari. Na shiga shafin shagon, na danna mayarwa, suka turo min takardar da zan manna a kwali. Na kai wani kanti a ƙasan layinmu da ke karɓar saƙonni, aka ba ni rasit. Cikin mako guda kuɗina suka dawo asusuna. Ba wanda ya ce min "ai lafiya lau muka ba ka", ba wanda ya tambaye ni ko wuta ce ta ƙona. Kuma ba kirkin mai shago ba ne, doka ce. Duk abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ko da ba ka da dalili. Bayan haka mai sayarwa yana da alhakin kayan har shekara 2, kuma tun 2022 in matsala ta fito a cikin wata 12 na farko, ana ɗauka da ita kayan ya zo, sai in shi ya kawo hujjar akasin haka. Da na zauna na yi tunani, wani kaso na kuɗin da nake biya a nan na wannan kwanciyar hankalin ne.

Amma kar ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Na tambayi kuɗin haɗa kwamfuta a wani shago kafin in yanke shawarar yi da kaina, abin da suka nema ya kusa kuɗin firosesan. A Beirut Road ko Farm Centre yaron shago zai haɗa maka kana zaune, ya sa maka manhajoji, ka ba shi na abinci. Gyara kuwa ba a magana. Nan in madabod ya mutu bayan garanti, shara ce makomarsa, domin awa ɗaya ta mai gyara ta fi kuɗin sabo. A gida wani matashi mai madubin ido da ƙarfen dalma zai bi layi-layi ya gano ƙwayar da ta ƙone ya canza. Wallahi da yaran nan na Farm Centre za su samu takarda da wurin zama a nan, da sun yi kuɗi. Ga shaguna a rufe ranar Lahadi, in sukurun SSD ya faɗi ya ɓace ranar Asabar da dare sai Litinin. Ga kibod ɗinsu da suka musanya wurin Y da Z, wanda ya sa na yi wata guda ina rubuta "yayyau" a maimakon "zazzau" da makamantan abin kunya. In zan sayo maka kibod, sai na nemi mai tsarin Amurka ko Ingila.

To, ga inda nake son ka buɗe kunne. Kwamfutar da na haɗa an haɗa ta ne don ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa. Tun da na zo, ban ga ƙiftawar ƙwan fitila ba. Tsada ce dai da ita, kusan santi 40 a kowane yunit, har in na daɗe ina wasa sai in ji kamar mita na kallona, ko da yake a wannan sanyin zafin da take fitarwa yana rage min kuɗin ɗumama ɗaki. Kai kuma naka lissafin daban ne. Ko waɗanda aka sa a rukunin Band A, da aka ɗaga musu yunit zuwa Naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, awa 20 aka yi musu alƙawari, balle layinmu. A ƙarshen 2024 fetur ya haura Naira 1,000 a lita, don haka laif a kan janareta hanyar karya jari ce. Kenan a wajenka kowane wat kuɗi ne, kuma wannan ne dalili na biyu da ya sa nake ganin RTX 4060 ya dace da kai. Wat 115 yake ci, alhali 3060 yana cin 170, RX 7600 kuma 165. Da firosesa mai wat 65, duk kwamfutar da allonta ba za su wuce wat 300 ba ko ana tsakiyar yaƙi. Wannan nauyi ne da ƙaramar inbata da solar gidan za su iya ɗauka. Kayan wancan Ba'amurken naka, katin kaɗai ya fi haka ci.

Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, wanda ke raba wa kowa abincinsa, shi ne wurin da mutane ke yin rowa, kuma shi ne in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Kar ka kuskura ka yi amfani da irin wanda ake bayarwa kyauta tare da kesin, mara nauyi kamar gwangwanin madara. Zan sayo maka mai wat 550 ko 650 daga kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus. Akwai kuma wani abu da ban lura da shi ba sai da na fara tunaninka. Wasu masu araha da ake sayarwa a Turai an rubuta musu 200 zuwa 240 V kawai, saboda wutarsu ba ta sauka. Naka dole ya zama mai 100 zuwa 240, wanda in wuta ta zo rabi da magariba, lokacin da fankar silin ke juyawa kamar mai jin barci, zai iya jurewa. Ƙarfin wutarmu da tasu ɗaya ne a takarda, 230 V, bakin filogi ne kawai ya bambanta, nasu mai ƙafa biyu zagayayyu. Wannan ba matsala, wayar irin ta kowace kwamfutar tebur ce, ka sayi mai ƙafa uku a nan gida ka canza.

UPS kuwa, mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a Kano za ka saya, domin batir ne, nauyi gare shi, ba zai shiga jaka ba. Ka nemi aƙalla mai 1,000 VA, kuma ka tambaya ko wutar da yake fitarwa mai santsi ce irin ta inbata mai kyau, saboda akwatunan wuta na zamani wani lokaci ba sa shiri da ƙananan UPS masu wuta a karkace, sai ka ga an ɗauke wuta kwamfutar ta mutu tare duk da UPS ɗin yana kuka. Ka ce a gwada a gabanka da kwamfuta a kunne. Kuɗin da ka so kashewa a fitilu da gilashi, nan za su tafi.

Sai zafi da ƙura. Fankar da ta zo a kwali ta ishe ni a nan, inda yanzu waje yake kusa da sifili. A Kano cikin Afrilu, da zafi ke haura 40 a inuwa, ba zan dogara da ita ba. Zan haɗo maka da mai tsayi irin hasumiya, Yuro 20 da wani abu ce. Na ruwa da ka gani a bidiyo ka manta da shi, famfo ne da tiyo, ranar da ya tsiyaya ba mai ba ka haƙuri. Kesin ka saya a gida, mai raga a gaba da matatar ƙura da ake zarewa a wanke, fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa. Kar ka ajiye ta a ƙasa a kan kafet. A lokacin hunturu irin yanzu, duk sati biyu ka buɗe ka hure ta, ka riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa. Allo ma a gida, inci 24 mai 1080p, in ka samu mai 144 Hz ka more. Talabijin ɗin falo kar ka sa shi a lissafi, yana jinkirta hoto, kuma Baba ba zai bar maka labaran ƙarfe tara ba.

Na ce zan dawo kan data. Masu sayar da intanet saukewa suke tallatawa, kai kuma mai laif ɗorawa ce damuwarka. A ɗakina layin waya ne mai gudun 100 Mbps a saukewa da 40 a ɗorawa, ba iyaka, kuɗi ɗaya duk wata. Sabobin gem da yawa na Turai suna Frankfurt, awa ɗaya daga nan a jirgi mai sauri, don haka jinkirin da nake gani bai fi milisakan 15 ba. Kai kuwa saƙonka sai ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku, ya iso Turai ya dawo, da wuya ka ga ƙasa da 100. Babu katin hoton da zai gyara wannan ko nawa ne kuɗinsa. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin tekun suka samu matsala, har bankuna suka tsaya. Sannan ka yi wannan lissafin da ni. Twitch, dandalin laif na 'yan gem, suna ba da shawarar kada a wuce 6,000 kbps. A wannan gudun, awa ɗaya tana cin 2.7 GB. Awa uku a rana, kwana 20 a wata, ka haura 160 GB, ban da saukar da gem da sabunta shi, ga kuma ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni a Janairun 2025. In ka sauko zuwa 720p a kan 3,000 kbps, lissafin ya rabe biyu, kuma mutanen da za su kalle ka ai a waya suke kallo, su ma tattalin datarsu suke yi, ba wanda zai gane bambanci. Starlink da ta shigo Najeriya a farkon 2023 ka bar ta tukuna sai ranar da laif ɗin ya fara ciyar da kansa.

Kamara kar ka saya, tsohuwar wayarka ta fi yawancin ƙananan kamarorin kwamfuta, akwai manhajojin da ke haɗa ta da OBS. Makirfo ne zan sa wa kuɗi kaɗan, domin mutum zai haƙura da hoto mai hazo amma ba zai zauna yana jin ƙarar janaretan maƙwabta ba. Irin wanda sai ka kusanto da baki yake ɗauka shi ya dace da gidanmu mai awaki da yara. Ta wannan fannin ma ka fi ni gata. Nan daga ƙarfe goma na dare doka ce a yi shiru. Ranar da na ci wani ƙwallo a minti na 90 na yi ihu, da safe na tarar da takarda a manne a ƙofata daga tsohuwar da ke ƙasana, an rubuta da kyakkyawan rubutu, har da "don Allah" da "na gode", amma kowace kalma da ƙaya. Tun daga ranar murnata ta koma ta kurame.

Ga yadda za mu yi. Firosesa, madabod, RAM, SSD, katin hoto, akwatin wuta, fanka da makirfo daga nan. Zan saye su cikin makon nan, in haɗa su a kan teburina, in takura musu na tsawon sati uku, saboda garantin shekara 2 ɗin nan ba shi da amfani in kayan suna Kano, kuɗin dawo da su ya fi kuɗin wasu daga cikinsu. In akwai mai cuta gara ya nuna tun yana nan. Bayan haka zan kwance, in mayar da kowanne kwalinsa da rasit a ciki saboda kwastan, in ba mutumin da zai zo Sallah, katin da firosesan a jakar hannu. Kesin, allo, UPS, kibod da linzami kai za ka nema, daga kuɗin da ka ce ka tara, in da gaske ka tara.

Abu biyu nake so ka turo min kafin Juma'a. Ka ari mita a wajen mai gyaran wutar layinmu ka auna soket ɗin ɗakinka sau uku, da safe, da la'asar, da kuma bayan magariba. Sannan kullum da ƙarfe tara na dare ka gwada gudun ɗorawa a kowane layin da kake da shi, a daidai inda za ka ajiye teburin, ka ɗauki hoton allo. Yanzu agogonmu ɗaya da ku sai ƙarshen Maris za su ƙara awa, don haka ka kira ni bayan isha'i ina gida.

In mutumin zai dawo, a ba shi yaji da kuka da daddawa, a ɗaure da leda uku. Kilishi kar a sa, ba a barin nama ya shigo ƙasashen nan, wancan karon a filin jirgi aka zubar da shi yana kallo. Kuma in Baba ya tambayi kuɗin kayan, ka ce ya tambaye ni.

Yayanka.